"Na gida ne, babu kemikal": abin da ke cikin tukunyar zango a zahiri

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare daga Nima zuwa Mamobi, daga Sabon Zango zuwa Madina. Mai sayar da man gyaɗa na faɗinta, mai tallar maganin basir a cikin tiroto ma na faɗinta: "Wannan na gida ne, babu kemikal a ciki." Da an ji haka sai hankali ya kwanta, hannu ya shiga aljihu. A wajen mutane da yawa kayan ci da sha kashi biyu ne. Abin da ya fito daga gona ko daji shi ne mai lafiya, abin da ya fito daga masana'anta cikin leda shi ne abin tsoro. Rabon yana da ƙanshin gaskiya, shi ya sa ya daɗe a bakin mutane. Sai dai hanji da hanta da jini ba su san gona ba, ba su san masana'anta ba. Abin da suke hulɗa da shi shi ne ƙwayar sinadari: waɗanne zarra ne suka haɗu, a wane tsari suka zauna, kuma nawa ne ya shiga ciki.

Gishirin da ake kwasowa daga Ada ya isa misali. Zarra iri biyu ne suka yi shi. Sodiyam ƙarfe ne mai laushi da wuƙa ke iya yankawa, wanda in aka jefa shi a ruwa sai ya yi ta tartsatsi har ya kama wuta. Kolorin kuwa iska ce mai guba, ita ce sojojin Jamus suka saki a fagen daga a Ypres a 1915. Da suka haɗu sai ga abin da babu miyar da ke ciyuwa ba shi. Halin haɗin daban, halin abubuwan da aka haɗa daban. Jikin ɗan Adam ma haka yake. Kusan kashi 96 cikin ɗari na nauyinsa zarra huɗu ne kacal: oksijin, kabon, haidirojin da naitirojin. Da su aka gina tsoka, da su aka gina kitse, da su aka gina tuwon da ya ciyar da tsokar. Bambancin duk yana wurin jeri.

Inda wannan ya fi shafar gidajenmu shi ne ciwon sukari. Ka tsaya wurin mai koko da sassafe, ba za ka daɗe ba za ka ji irin wannan:

"Baba, a sa sukari?"

"A'a, 'yata, likita ya hana. Ƙara mini dai ludayi biyu, ki haɗo da pinkaso."

Dattijon ya tafi yana ganin ya bi doka. Amma gero da alkama da masara da shinkafa da rogo, galibin abin da ke cikinsu sitaci ne, kuma sitaci ba komai ba ne illa sukarin da ake kira gulukos, an jera shi ɗaya bayan ɗaya kamar 'ya'yan tasbaha a zare, ɗaruruwa zuwa dubbai. Harshe ba ya jin zaƙinsa saboda jerin ya yi tsawo. Tun daga baki yawu ke fara tsinka shi, domin akwai wani inzayim a cikinsa, wato sinadarin jiki mai farfasa abinci, mai suna amiles da aikinsa ke nan. Duk mai shakka ya gutsuri burodin da ba a sa wa sukari ba, ya yi ta tauna shi ba tare da ya haɗiye ba. Zai ji ɗan zaƙi ya fara tasowa. Kafin abincin ya bar ƙaramin hanji an gama warware jerin, gulukos ya shiga jini. Malmalar tuwon zafi ko dokunu biyu na iya kai wa jini gulukos fiye da cokali biyun da Baba ya ƙi.

Ba ana nufin tuwo da sukarin kanti abu ɗaya ba ne. Saurin shigarsu jini ya bambanta, kuma saurin nan shi ne rabin maganar. Hatsin da ba a surfe shi fes ba, da wake, da ganye, suna rage gudu. Garin da aka niƙa lilis aka dama ruwa-ruwa yana wucewa da sauri. Mai ciwon sukari ya fi buƙatar duba girman malmala da abin da ya raka ta fiye da kirga cokali kaɗai.

Sukarin kanti shi kuma 'ya'ya biyu ne kawai a maƙale da juna, gulukos da furuktos. Waɗannan biyun kayan gininsu iri ɗaya ne sak: kabon 6, haidirojin 12, oksijin 6. Zaman zarran ne ya ɗan sauya, amma furuktos ya fi zaƙi, kuma galibinsa hanta ce ke sarrafa shi. Zuma, wadda ba mai ja da darajarta, kusan kashi huɗu cikin biyar nata sukari ne, galibinsa waɗannan biyun, sai dai a rabe suke. Wanda ya bar sukari ya koma tuttula zuma a shayi bai yi nisa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada irin wannan sukarin, har da na zuma, ya kai kashi 10 cikin ɗari na kuzarin da mutum ke samu a yini, wato wajen giram 50 ga baligi. A 2023 gwamnatin Ghana ta ɗora harajin kashi 20 cikin ɗari a kan lemukan kwalba masu zaƙi. Harajin bai san hanyar gidan da ake dama sobolo da lamurji da burkina ba, alhali mudun sukarin da ake juyewa a cikin roba ɗaya ta sobolo ba wasa ba ne.

Ga wani abin mamaki a kan gulukos ɗin nan. Ciyawa da kara da auduga da takarda su ma jerin gulukos ne, sunansa selulos. Abin da ya raba shi da sitaci shi ne yadda kowane ɗa ya kama na kusa da shi: a selulos kowane na biyu a kife yake. Wannan 'yar juyawar ta sa inzayim ɗinmu ba ya iya tsinka shi. Ragon layya ma ba da kansa yake narkar da harawa ba, ƙananan halittu ne a tumbinsa ke yi masa aikin. Mu kuwa selulos yana ratsa mu ya fita, kuma a hakan yake amfanar mu, shi ne ke tausasa bayan gida.

Tsamin koko da dokunu aikin ƙananan halittu ne su ma. Suna cin sukarin da ke cikin ƙullu su mai da shi asid ɗin laktik, wanda ke hana miyagun ƙwayoyin cuta sakewa. Shi ne dai ke cikin nono mai tsami, kuma shi ya sa wanda madara ke kumbura wa ciki yakan sha fura da nono lafiya: an riga an rage masa sukarin madarar kafin ya kai baki.

Furotin ya fi sitaci rikitarwa. Shi ma jeri ne, amma 'ya'yansa iri 20 ne, ana kiransu amino asid, kuma tsarin da suka bi shi ke sa jerin ya naɗe ya zama gashi, ko tsoka, ko inzayim, ko insulin. Tara daga cikin ashirin ɗin jiki ba ya iya ƙera su, dole sai daga abinci. Hatsi yana da ƙarancin ɗaya mai suna laisin. Wake yana da laisin sosai, amma ya gaza a wani, metiyonin, wanda hatsi ke da shi. Koko da ƙosai, shinkafa da wake a cikin waakye, kowanne yana cike gurbin ɗan'uwansa. Iyayenmu mata sun kai ga wannan haɗin ba tare da ɗakin gwaji ba, kuma a nan dole a sara musu.

Inda haɗin ya ɓace kuwa, Accra ta ga sakamakon tun tuni. Dakta Cicely Williams, haifaffiyar Jamaika, ta yi aiki a asibitin yara na Princess Marie Louise, inda ta riƙa ganin yara masu kumburin ƙafa da ciki, fata na saɓulewa, gashi ya yi ja. Ta lura galibinsu an yaye su ne a kan kunun masara zalla. A 1933 ta wallafa bayanin cutar, a 1935 ta sa mata sunan da mutanen Ga ke kiranta da shi, kwashiyoko, wanda likitocin duniya ke amfani da shi har yau. Masara ta gaza a laisin da kuma wani amino asid mai suna tiriftofan. Wannan ne ya sa Cibiyar Binciken Amfanin Gona da ke Fumesua kusa da Kumasi ta fitar da irin masara mai suna Obatanpa a 1992, wanda ya fi masarar da aka saba yawan waɗannan biyun. Masu bincike na yau suna ganin ba ƙarancin furotin kaɗai ke kawo kwashiyoko ba, cututtuka da yanayin hanjin yaro na da hannu. Amma uwar da ke ɗura wa ɗan yaye koko fari tas safe da yamma, babu garin gyaɗa, babu kifi, babu ƙwai, tana ba shi abin gida tsantsa, kuma bai ishe shi ba.

Babu inda ƙarfin tsari ya fito fili kamar a sikila. Jajayen ƙwayoyin jini cike suke da wani furotin mai ɗaukar oksijin, hemogulobin. Jeri huɗu ne suka haɗu suka yi shi. Biyu daga ciki kowanne yana da amino asid 146. A jinin mai sikila, na shida a layin ne kaɗai ya sauya: inda ya kamata a samu gulutamik asid sai aka samu balin. Guda ɗaya cikin 146. Gulutamik asid yana jituwa da ruwa, balin kuwa gudun ruwa yake, don haka yana neman abin da zai manne wa. Da hemogulobin ya sauke oksijin, sai ƙwayoyinsa su riƙa kama juna suna yin dogayen sanduna, ƙwayar jinin ta ƙage ta lanƙwashe ta yi siffar lauje. Irin wannan ƙwayar tana toshe ƙananan jijiyoyi, shi ne ciwon ƙashin da ke hana yaro barci, kuma tana mutuwa cikin kwana 10 zuwa 20 maimakon wajen 120, shi ne ƙarancin jinin. Linus Pauling da abokan aikinsa suka nuna a 1949 cewa matsalar a jikin hemogulobin take, Vernon Ingram kuma ya gano ainihin gurbin da ya sauya a shekarun 1950.

Ghana na da babban matsayi a wannan fage. Farfesa Felix Konotey-Ahulu, wanda ya jagoranci sashen masu sikila a Korle Bu, ya bi sawun cutar a zuriyarsa har zuwa 1670. A Kumasi ne Farfesa Kwaku Ohene-Frempong ya fara gwajin jarirai tun daga haihuwa a 1995, kuma alƙaluman sun nuna kusan biyu cikin kowane jarirai ɗari a ƙasar nan da cutar ake haifarsu. Duk da haka har gobe akwai gidan da za a ce sanyi ne, ko iska, ko wata kishiya ce ta yi hannu. Dalilin da ya sa wannan gado ya yi yawa a yankinmu shi ne mai ɗauke da rabinsa, wato AS (hemogulobin mai lafiya A daga ɗaya cikin iyaye, na sikila S daga ɗayan), ya fi samun kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani.

Akwai wani tarko a nan da ya kamata masu shirin aure su sani, musamman mu da yawancinmu ke da tushe a arewacin Ghana da Burkina Faso, inda wani nau'in hemogulobin da ake kira C ya fi yawa. A nau'in C, gurbi na shidan nan ne dai ya sauya, amma laisin ne ya zauna a wurin. Gwajin nan mai sauƙi da ake yi a ce wa mutum "ba ka da sikila" S kawai yake kamawa, ba ya ganin C. Saurayi mai AC zai fito da takarda yana murna, ya auri mai AS, kuma a kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi mai SC, wanda shi ma ciwon sikila ne, har yakan taɓa ido da ƙashin ƙugu. Gwajin da ya dace shi ne wanda ke fito da haruffan biyu a rubuce.

Gulutamik asid ɗin nan da rashinsa a wuri ɗaya ke kwantar da yaro, shi ne kuma ke ba miya daɗi. Idan 'ya'yan ɗorawa suka kwana a rufe bayan an dafa su, ƙananan halittu na farfasa furotin ɗinsu, gulutamik asid ɗin ya fito a sake, a siffar da ake kira gulutamet, ga daddawa. Yana cikin tumatir, yana cikin busasshen kifi, yana cikin nonon uwa. Wani masani ɗan Japan, Kikunae Ikeda, ya ware shi daga ciyawar teku a 1908, daga nan aka fara yin farin magi, wanda a yau ma ta hanyar ruɓar da rake ko rogo ake samar da shi. Harshe ba ya bambance gulutamet na daddawa da na leda, domin ƙwaya ɗaya ce. Wannan ba wanke dunƙulen magi ba ne. Laifinsa dai ba inda ake nuna yatsa yake ba: abin da ya fi yawa a cikinsa gishiri ne. Uwargida ta jefa dunƙule uku, ta ƙara gishiri, ta sa kanwa, ga kifi mai gishiri a gefe, sannan a yi mamakin hawan jini. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya bai kai giram 5 na gishiri a yini ba, ƙaramin cokali ɗaya ke nan, a haɗa da duk wanda ke ɓoye.

Kanwa ta cancanci a tsaya a kanta, don ita ce ta fi kowa shiga rigar "na gida". Galibinta sodiyam kabonet ne da sodiyam baikabonet, wato dangin hodar da ake sa wa kek, kuma tana ɗauke da sodiyam ɗin da mai hawan jini ke gudu. Aikinta kishiyar tsami ne. Ka leƙa tukunyar mai waakye da asuba: ta jefa karan dafi a tafasasshen ruwa, launi na fita a hankali, tana sa ɗan gutsuren kanwa sai ruwan ya rine ya yi ja wur har ya doshi baƙi, waken da zai ci awa biyu ya nuna da wuri saboda kanwar ta sassauta abin da ke riƙe ɓawonsa. Yara ma na iya gwadawa da sobolo: a ɗiga ruwan kanwa a kofi, jan ya gudu ya koma shuɗi-shuɗi mai duhu, a matsa lemon tsami ya dawo. Ita ce ke sa kuɓewa ta yi yauƙi ta tsaya kore shar. Kuɗin da ake biya shi ne bitamin B1 da bitamin C, waɗanda ba sa jure ta. Kaɗan ba laifi. Jiƙa wake tun dare ya fi arha, ya kuma rage buƙatarta.

Mai ba ya buƙatar dogon bayani. Man kaɗanya na daskarewa, man gyaɗa na zuba, alhali manyan sinadaran da ke cikinsu, sitiyarik da oleyik, kowanne kabon 18 gare shi. Oleyik, wanda ya rinjaya a man gyaɗa, ya rasa haidirojin biyu, sai ya sami lanƙwasa a tsakiya da ke hana ƙwayoyinsa shiryuwa su daskare. Jan manja kuwa karotin ne, wanda jiki ke mayarwa bitamin A, kuma mai soya manja har ya yi fari ya ƙone shi ke nan. A nan ne masu tsoron kemikal suke da gaskiya ɗari bisa ɗari: a 2015 Hukumar Abinci da Magunguna ta Ghana ta gano ana zuba wa manja wani rini na masana'anta mai suna Sudan IV don ya ƙara ja, rinin da aka haramta a abinci saboda zargin haddasa kansa. Amma a lura, a kasuwa aka sayar da shi, cikin galan da kwalaben da ba su da ko tambari, da sunan na ƙauye.

Guba mafi tsanani a abincinmu kuwa ba hannun mutum ne ya zuba ta ba. Rogo, musamman mai ɗaci, yana ɗauke da wani sinadari mai suna linamarin, wanda in aka farfasa rogon yake sakin sayanaid. Gurzawa da matsewa da barin sa ya kwana da soyawa, duk matakan yin gari, hanyoyin korar wannan gubar ne. Inda fari ko yaƙi ya sa mutane suka gajarta aikin, an ga cutar shanyewar ƙafafu mai suna konzo, kamar yadda ta ɓarke a arewacin Mozambik a 1981.

Ta gyaɗa da masara ta fi wannan ɓoyuwa. Wata fumfuna ce ke kama su a gona lokacin fari, ko a rumbu in ba su bushe sosai ba, ta bar wani sinadari mai suna afalatoksin. An gano shi ne bayan talotalo kusan 100,000 sun mutu a Ingila a 1960 sakamakon cin abincin da aka haɗa da gyaɗar Barazil. A 2004 gurɓatacciyar masara ta kashe mutum 125 a Kenya. Ba kasafai yake kisa nan take haka ba. Ya fi yin aiki a hankali a kan hanta, yana cikin abubuwan da aka tabbatar suna kawo kansar hanta, kuma haɗarin na ninkuwa ga mai ciwon hanta nau'in B, wanda ba baƙo ba ne a zangunanmu. Ba shi da wari, ba kullum ake ganinsa ba, kuma tafasa ko suya ba sa kashe shi. Ɗaya daga cikin hanyoyin yaƙarsa a gona, Aflasafe, ita kanta wannan fumfunar ce, amma irin da ba ya yin guba, ana watsa shi don ya rigaya mai gubar kama wuri.

A gida kuwa maganin tsinta ne: a shanya a kan tabarma ko leda ba a ƙasa ba, a bari ya bushe ƙayau, a cire duk ƙwayar da ta motse, ta yi baƙi, ta fashe ko ƙwaro ya huda, domin a cikin waɗannan 'yan tsirarun gubar ta fi taruwa. Matsalar ita ce inda tsintacciyar ke zuwa. Ba a cika zubar da ita ba. Ana sayar da ita da rahusa, ta wuce injin niƙa, ta fito a matsayin tunkuza ko ƙuli-ƙuli ko yajin tsire, inda ido ba zai ƙara rabe mai kyau da marar kyau ba. Wadda ba ta shiga nan ba a zuba wa kaji da shanu, kuma wani kaso na gubar yana iya biyo madara.